Ku Tambayi Koci: Wace sandar besbol zan saya wa yarona?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Muna zaune a Amurka, kuma ɗana mai shekara 14 zai shiga ƙungiyar besbol ta makarantar sakandarensu a kakar wasa mai zuwa. Sandar da yake bugu da ita yanzu inci 31 ce, an rubuta -8 a jikinta, kocinsu kuma ya ce ba za a bar shi ya shiga fili da ita ba. Yaron ya kafe sai sandar kamfozit, wato wadda ake yi da zaren kabon, wai ita manyan ƙungiyar ke riƙewa, alhali ta fi ta alminiyam tsada nesa ba kusa ba. Ni ban taso da wannan wasa ba. Me ya sa aka hana tsohuwar, kuma kamfozit ɗin nan ta cancanci kuɗin da ake sa mata?
Daga wani uba

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kocin ya faɗa maka gaskiya, kuma ya kyauta da ya faɗa tun kafin kuɗi su bar aljihunka. Kafin ka dubi launi ko sunan kamfani ko abin da aka ƙera sandar da shi, ka juya ta ka nemi tambarin da ke sama da mariƙi, daidai inda jikinta ya fara kauri. A makarantun sakandare da jami'o'in Amurka, duk sandar da ba ta itace zalla ba sai tana ɗauke da tambarin BBCOR mai lamba .50, wato shaidar cewa tunkuɗar da take yi wa ƙwallo ba ta wuce iyaka ba, kaurin gangarta, wato sashen da ke bugun ƙwallo, kada ya wuce inci 2 da 5/8, lambar raginta kuma -3. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya kuskure, alƙalin wasa zai hana ta, in kuma yaron ya riga ya shiga bugu da ita za a fitar da shi, a hukunta kocinsa. Na ga yaro ya zo fili da sabuwar sanda yana ta nuna wa abokai, ya ƙare da aron ta wani, mahaifinsa na tsaye a bayan shinge ransa a ɓace. Ba na so ka tsinci kanka a wannan hali.

Lambar ragin nan lissafi ne mai sauƙi. Tsawon sanda ana auna shi da inci, nauyinta da oza, bambancin da ke tsakani shi ne ake rubutawa da alamar ragi. Sandar ɗanka inci 31 ce mai -8, wato nauyinta oza 23. Sandar BBCOR mai wannan tsawo oza 28 ce. Ƙarin oza 5 ke nan, kusan giram 140, daidai nauyin ƙwallon besbol guda. A baki ba wani abu ba ne. A hannun yaro ɗan shekara 14 da zai juya sandar cikin ƙiftawar ido, babban canji ne, kuma a nan ne yara da yawa ke rikicewa a shekararsu ta farko a sakandare. Zan dawo kan wannan, domin ya fi maganar kamfozit muhimmanci.

Ga sauran iyaye masu ƙananan yara, tambura uku ne ke yawo a kasuwa. Akwai BBCOR da na ambata. Akwai na USA Baseball, wanda ya fara aiki a Janairun 2018, shi Little League da wasu gasannin yara ke nema. Akwai na USSSA mai lamba 1.15, na gasannin ƙungiyoyin da ke tafiye-tafiye, kuma sandunansa sun fi saura tunkuɗa ƙwallo. Wannan ba ya shiga gurbin wancan sai in dokar gasar ta faɗa. A tambayi hukumar gasar da yaro zai buga, a kuma duba jerin sandunan da aka soke wa izini, domin yakan faru a janye amincewa daga wata sanda bayan ta riga ta shiga hannun mutane.

Wannan tsauri yana da tushe. Hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta halatta sandar alminiyam a 1974, musamman don rage kashe kuɗi, tunda itace karyewa yake yi. Sai dai sanda mai rami a ciki tana yin abin da itace ba ya yi. Idan ƙwallo ta gamu da itace, ita ce ke lotsewa, kuma ƙarfi mai yawa yana salwanta a wannan lotsewar. Idan ta gamu da ganga mai rami, bangon gangar ne ke ɗan lotsawa ya dawo, ƙwallon ba ta matsu sosai ba, sai ta fita da gudun da ya fi na itace. Kamfozit, wadda ake yi da shimfiɗun zaren kabon da aka manne da danƙo, ta zo da nata hali na daban: tana ƙara zafi tana tsufa. Yawan bugu yana sassauta danƙon da ke tsakanin shimfiɗun, bangon ya yi laushi, tunkuɗar ta ƙaru. Sandar da ta ci jarrabawa tana sabuwa sai ta zarce iyaka bayan ta sha bugu. A gasar jami'o'i ta 2009 an gwada sandunan kamfozit 25, guda 20 suka faɗi, NCAA ta dakatar da su. Bayan haka aka kawo ma'aunin BBCOR, jami'o'i suka fara a 2011, sakandare a 2012. A shekarar farko kaɗai, bugun da ke tsallake shinge a manyan jami'o'i ya ragu da kusan rabi. Ni ina goyon bayan wannan doka da zuciya ɗaya. Mai jifa yana tsaye ne ƙafa 60 da inci 6 daga mai bugu, kuma ƙwallon da aka maido masa kai tsaye ba ta ba shi ko rabin daƙiƙa ya kare fuskarsa. Shi ma ɗan wani ne.

To ka ga, Malam, duk sandar da ke ɗauke da tambarin BBCOR iyaka ɗaya aka gindaya mata, kusa da abin da itace mai kyau ke yi. Ita kamfozit ma sai an matsa ta a ɗakin gwaji kamar wadda ta daɗe tana aiki, a tabbatar ko ta yi laushi ba za ta haura iyakar ba, sannan a ba ta tambari. Idan ɗanka ya sami ƙwallo daidai a tsakiyar ganga, mai tsada da mai araha ba za su bar wa juna tazarar a zo a gani ba. Yaran da ke gaya masa kamfozit za ta ƙara masa nisan bugu suna tuna sandunan USSSA ne da suka saba da su suna ƙanana, inda bambancin yake a fili.

Duk da haka ba banza ake sayenta ba. Zaren kabon ba shi da nauyi, kuma maƙera suna iya jera shi yadda suke so, nan kauri can siriri. Hakan ya sa suke iya tsawaita ganga ba tare da sandar ta yi nauyi a kai ba, wurin da bugu ke zama daram ya ƙara faɗi. Yaron da ya kauce wa tsakiya da inci ɗaya ko biyu zai fi samun rangwame a hannun kamfozit. Na biyu, tana shanye girgiza. Duk wanda ya taɓa bugun ƙwallo da ƙarshen sandar alminiyam da sanyin safiya ya san yadda tafin hannu ke yin zugi, kuma na sha ganin yaron da ya fara jin tsoron ƙwallon da ke zuwa kusa da hannunsa saboda wannan zugin kawai. Kamfozit mai gaɓa biyu, wadda aka haɗa mariƙi da ganga da wani mahaɗi a tsakiya, tana rage wannan sosai. A ɗaya ɓangaren, sai an hore ta kafin ta kai ƙarfinta, ba ta son sanyi, kuma idan ajalinta ya zo tsagewa take yi gaba ɗaya, yayin da alminiyam kan lotsa ne kawai. Akwai kuma ta tsakiya, mai gangar alminiyam da mariƙin kamfozit, wadda ke shiga wasa ranar da aka saye ta kuma ba ta cizon hannu sosai. 'Yan wasan jami'a da dama ita suke riƙewa, wasu kuma alminiyam zalla mai gaɓa ɗaya, saboda suna son sanda mai tauri da ba ta lanƙwasa ko kaɗan.

Yanzu ga abin da nake so ka fi riƙewa. Sanduna biyu na iya zama inci 31, oza 28, tambari ɗaya, amma ɗaya ta yi wa yaro sauƙin juyawa ɗaya ta ja hannunsa ƙasa. Inda nauyin ya taru shi ne magana. Ka riƙe guduma ta wajen kanta ka kaɗa, sannan ka riƙe ta a ƙarshen ƙota ka kaɗa: nauyinta bai canza ba, amma hannunka zai ce maka ya canza. Haka sanduna suke. Wasu an rarraba nauyinsu daidai, wasu an tara shi a kai don ƙattin da ke da ƙarfin juya su. Ɗan shekara 14 da ke tsallakowa daga -8 ba shi da abin yi da mai nauyi a kai, ko da ita gwanin ƙungiyarsu ke riƙewa. Gudun juyi da iya kai ganga inda ƙwallo take su ne ke kawo bugu mai kyau. Sandar da ta fi ƙarfin yaro tana koya masa munanan ɗabi'u: kafaɗar baya ta faɗi, kan sanda ya sunkuya, ya riƙa fara juyi da wuri don ya cim ma jifa mai sauri, sai jifa mai lanƙwasa ta riƙa yaudararsa. Gyara wannan yakan ɗauki koci lokaci mai tsawo fiye da yadda aka ɗauka ana ɓata shi.

Shawarata ita ce kada ka saya wannan makon. Ka roƙi kocin ya bar yaron ya gwada sandunan abokan wasansa a wajen atisaye, kamfozit da alminiyam da mai haɗin biyu, inci 31 da inci 32. Kada gwajin ya tsaya a kaɗa sanda a iska, ko riƙe ta a miƙe da hannu ɗaya ana ƙirga daƙiƙu kamar yadda wasu ke yi. A jefa masa ƙwallo da saurin da zai tarar a wasa, kai da kocin ku tsaya a gefe ku lura: yana makara? Ƙwallayen suna ta ficewa gefe ɗaya? Juyinsa na ƙarshe ya yi kama da na farko, ko gajiya ta karya shi? Idan ya yi ta makara da inci 32, ya tsaya a 31, babu abin kunya a ciki. Sannan ka tuna yaro ne mai girma. Mai yiwuwa kafin kaka biyu ya buƙaci wadda ta fi wannan tsawo. Da ɗana ne, zan fara masa da alminiyam ko mai haɗin biyu wadda nauyinta ya daidaita, in ajiye kamfozit mai tsada sai tsawonsa ya tsaya kuma ya san irin bugunsa. Idan kuwa a wajen gwaji ka ga da idonka cewa kamfozit ce ta zauna masa, yana sake jiki da ita, kuma aljihu zai ɗauka ba tare da an takura gida ba, ka saya masa, ba asara ka yi ba. A halin yanzu, in da hali, ya sami -5 ko da ta aro ce ya yi atisaye da ita na ɗan lokaci kafin ya hau -3.

Tambaya: Koci, shekarata 17, na tara kuɗi na sayi kamfozit sabuwa fil, amma ƙararta ba ta yi mini daɗi ba, kuma ƙwallo ba ta tafiya yadda na zata. Wani ya ce in kawo ya matsa mini ita a inji, ko ya kankare cikinta, za ta yi zafi nan take. In kai masa?
Daga wani ɗan wasa

Amsa: Kada ka kai, ɗana. Bari in fara da ƙarar. Kamfozit ba ta yin ƙarar nan mai kaifi irin ta alminiyam, sautinta a dushe yake, ya fi kusa da na itace. Kunne na ruɗin 'yan wasa da yawa, su ɗauka sandar ba ta da rai alhali ƙwallon na tafiya.

Sabuwar kamfozit kuma tana bukatar horo, kuma hanyarsa a bayyane take. Abin da aka saba shi ne bugu 150 zuwa 200 da ƙwallon besbol ta gaske. Ka fara da ɗora ƙwallo a kan turke kana bugu da rabin ƙarfinka, bayan kowane bugu ka juya sandar kwata ɗaya a hannunka don kowane gefe na ganga ya sami rabonsa. Daga nan ka koma jifa mai taushi daga kusa kana ƙara ƙarfi, sai a ƙarshe jifa sosai. Ka guji ƙwallayen roba masu ƙananan ramuka da ake zubawa a injin jifa, suna cin sanda, kuma kamfanoni da kansu suna gargaɗi a kansu. Juyawar nan kada ka daina ta ko bayan horo ya ƙare. Yaran da ke son ganin sunan kamfani yana kallonsu a kowane bugu gefe ɗaya suke gajiyarwa, nan ne kuma tsaga ke fara fitowa.

Shi kuwa mai injin, abin da yake sayarwa maguɗi ne. Matsawa a inji tana fasa danƙon da ƙarfin tsiya. Kankarewa ta fi muni: a cire murfin kan sanda, a rage kaurin bangon daga ciki, a mayar a manne. Dokokin gasa sun haramta duka biyun, garantinka ya mutu daga ranar, kuma a wasannin jami'o'i ana gwada taurin ganga da na'ura kafin a shiga fili, wadda ta yi laushi fiye da kima a ajiye ta gefe. Amma ba kamun ne ya fi damuna ba. Mai jifan da ke gabanka ya yarda ya tsaya a wurin ne bisa amanar cewa sandar da ke hannunka tana cikin iyaka. Idan ƙwallon da ta fito daga sandar da aka kankare ta same shi a kai, ba za ka manta da ranar ba har ka tsufa. Kai da ka iya tara kuɗin sanda da guminka, za ka iya haƙurin bugu 200.

Tambaya: Malam, sandar kamfozit da na saya wa yarona ba ta rufa wata huɗu ba ta tsage a wani wasa da aka yi cikin tsananin sanyi. Ya ce tun kafin nan yana jin wani abu na kaɗawa a cikinta. Jabu aka sayar mini ko kuwa?
Daga wata uwa

Amsa: Hajiya, ba lallai jabu ba ce, sanyin ne babban wanda ake zargi. Idan yanayi ya sauka ƙasa da kamar digiri 15 a ma'aunin Salsiyas, ƙwallo kan ƙara tauri, shimfiɗun kamfozit kuma ba sa jure wannan karo yadda suke yi da ɗumi. Shi ya sa masu buga wasa a farkon bazarar jihohin arewacin Amurka, lokacin da sanyi bai gama janyewa ba, suke ajiye alminiyam a jaka don irin waɗannan ranaku. Kada kuma a bar sanda ta kwana a but ɗin mota, sanyi da zafin ciki duka suna yi mata illa. Wasu na ɗumama sanda da na'ura kafin wasa, wannan ma dokar sakandare ta hana.

Abin da ke kaɗawa a ciki wani lokaci ɗan guntun danƙo ne da ya ɓalle, wani lokaci kuma alama ce cewa bango ya fara rabuwa ko murfin kai ya saki. Da an duba tun lokacin, da an gane. Ƙananan layuka a kan fenti ba komai ba ne. Tsagar da farce ke shiga, ko sauti da ya koma kamar na fasasshen abu, ita ce ƙarshen sanda.

Ki nemo rasit. Yawancin manyan kamfanoni suna ba da garantin shekara ɗaya ga sandar da ba ta itace ba, muddin daga dillalin da suka amince da shi aka saya kuma ba a taɓa cikinta ba. Ki ɗauki hoton tsagar da na tambarin da na rasit ɗin, ki tura musu ta shafinsu. Sau da yawa canji ɗaya suke yi, don haka wadda za su aiko a kiyaye ta daga sanyi, kuma kada ta zama sandar da duk ƙungiya ke aro.

Tambaya: In kamfozit ta fi, me ya sa ƙwararrun da muke gani a talabijin ba sa riƙe ta?
Daga wani mai kallo

Amsa: Doka ce ta hana su, ɗan'uwa. A babbar gasar ƙwararru ta Amurka, MLB, sanda sai ta zama itace guda ɗaya, tsawonta kada ya wuce inci 42, kaurinta inci 2.61. Mutanen da ke da irin wannan ƙarfi, in aka ba su ganga mai tunkuɗa, masu jifa da masu tsaron kusa ba za su tsira ba. Shi ya sa masu farautar 'yan wasa ke son ganin matashi ya buga da itace a gasannin hutun bazara kafin su yarda da alƙaluman da ya tara a jami'a. Ni ma ina sa yarana atisaye da itace lokaci zuwa lokaci, saboda wurin bugunsa ƙanƙane ne, duk kuskure sai hannu ya ji. Wanda zai gwada ya nemi mai tsawo ɗaya da sandar wasansa, ya fara a kan turke kafin ya fuskanci jifa.